Tafin Hannu a Bangon Gabas

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a Unguwar Hajji ya san Hajo, kuma ya san ba ta gyara. Ka tsaya ka yi ta roƙo har rana ta faɗi, ko ɓarɓashi ba za ta ƙara maka ba. Ni kuwa na san ta fiye da haka, domin faccalata ce. Mijinta, marigayi Sulle, wan mijina ne, gida ɗaya aka kawo mu, ita ta riga ni da shekaru. Na yi faɗa da ita a kan turmi, na yi a kan igiyar shanya, na yi a kan wata jar kazarta mai shiga mini ɗaki kamar ita ta gina shi. Sunana Safara'u, kuma waɗanda suka san ni sun san ba na yabon mutum a banza. To amma in Hajo ta buɗe baki ta ja baitin yabon Annabi, ko tsakiyar faɗa muke sai na ajiye na amsa mata.

'Yar garin Zoza ce. Ubanta manomi ne mai son bege, yana sara yana rerawa, ita kuma tana biye da shi da ƙwaryar iri tana ɗauka. Boko ba ta yi ba, allo ma ba ta yi nisa ba. Abin da Allah ya ba ta murya ce da riƙo, baiti in ya shiga kunnenta sau ɗaya ya zauna ke nan. Muryar ba siririya ba ce irin ta 'yan mata. Mai kauri ce, daga ƙirji take fitowa, in ta ɗaga ta a tsakar gida ana jiyo ta har bakin rijiya. A magana kuwa Hajo ba ta da daɗi. Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tsaki, in ka yi abin kirki shiru za ta yi maka, shirun nan shi ne yabonta.

Lokacin da Malam Sanusi ya buɗe wa matan aure makaranta a zaurensa, in an tashi karatu sai mu ƙi tafiya. Hajo ta ja, mu mu amsa. Ba mu da kiɗa, ba mu da komai, murya ce kawai. Da kaɗan-kaɗan mata suka yi ta ƙaruwa har zauren ya yi mana kaɗan, Malam ma ya fara rasa inda zai shimfiɗa buzunsa. Sai mai unguwa ya yanka mana wani ɗan fili a bakin lungu, bayan makarantar firamare. Maza suka yi mana tubali suka ɗora azara, mu muka ɗebi ruwa muka yi yaɓe da hannunmu. A zafin bazara aka yi aikin, ana gab da Mauludi, kuma a Mauludin nan muka fara fita da sunan ƙungiya: Matan Bege na Unguwar Hajji.

Ranar yaɓen ciki wasa ya kaure. Kowace mace ta dinga danna tafin hannunta a ɗanyar ƙasa don ado, ana shewa. Nuriyya, 'yar Hajo, tana cikin masu miƙo ƙasa, lokacin ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ta yi ɗage ta danna nata a bangon gabas, daidai kafaɗar babban mutum. Ba a rikita hannun nan da na kowa, don ƙaramin yatsanta a karkace yake, taɓarya ta taɓa faɗa masa tana ƙarama. Da bazara ta zagayo sanƙarau ya shigo unguwa, ya ɗauki yara da dama, har da ita. Ko hotonta babu. A lokacin wa yake da waya mai hoto a unguwarmu?

Nuriyya 'yar fari ce, Hajo kuwa irin matan da ce masu kara. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Sai dai "ke", ko "waccan", ko "yarinyar nan". Ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, in an yabi yarinyar sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Ranar rasuwar ma hawaye bai zubo mata a gaban kowa ba, ita ce ma mai miƙa wa 'yan gaisuwa ruwa. Tsofaffi suka yi ta sa mata albarka, wai ga mace mai alkunya da tawakkali. Bayan Nuriyya maza ta yi ta haifa, ba ta sake samun mace ba.

Duk shekara muna sabunta yaɓen ɗakin, hannayen nan suka yi ta shafewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya damu. Bangon gabas kuwa Hajo ba ta barin kowa ya taɓa, wai mu ba mu iya ba, ƙasa muke ɓatawa. Na ji haushin maganar, shi ya sa na zuba mata ido in ga iyawar tata. Sai na ga in ta zo wurin nan tana zagaye shi a hankali da yatsa biyu, ta bar shi yadda yake. Daga nan na gane abin da ya sa kullum a nan take tsayawa in za ta ja baiti. Takan miƙa hannu baya ta dafa bango, ta yi shiru kaɗan, sannan murya ta fito. Sauran mata sun ɗauka ciwon gwiwa ne. Ta san na gane, ni ma na san ta sani, kuma muka shekara da shekaru ba wadda ta tayar da maganar.

Ƙungiya ta yi suna. Ana kiranmu suna da walimar sauka, ana kiranmu Mauludi har cikin ƙasar Rogo. Da muka cika shekara goma mun yi taro wanda har yanzu ake labarinsa. Manoma suka dinga shigowa da damin dawa da buhun gyaɗa, wasu da kuɗi a hannu, har muka sayi lasifika da tabarmi muka ɗinka anko. Wannan taron shi ya ruɗe mu daga baya.

Daminar bara ta zo da ƙarfinta. Rufin ɗakin ya fara yoyo, gara ta cinye azara, bangon gabas ya tsage daga sama, ruwan lungu kuma yana bi ta gindinsa yana zaizaya. Hajo ta kira Gwadabe magini. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya tsuguna ya tona da yatsa.

"Iya Hajo," ya ce, "kansa yana son kwano, gindinsa yana son a ɗaure shi da dutse da siminti tun daga wannan kusurwa har waccan. In an yi masa a watan nan zai ga rani. In ba a yi ba, ni dai ban ɗaukar masa alkawari ba."

Washegari ta tara mu. Ta ce tunda Mauludin bana muke cika shekara ashirin, mu cinye watan gaba ɗaya muna taro muna neman gudummawa: Rogo Sabon Gari, Zoza, cikin garin Ƙaraye, sannan mu rufe a gida. Ta ce mu tuna abin da aka samu a na shekara goma. Muka yi ta murna, ni ce ma kan gaba wajen zaɓen launin hijabi. Mu duka, da tsofaffinmu da masu bokonmu, ba wadda ta tsaya ta tuna cewa wata ba ya zama wuri ɗaya. Taron shekara goma a sanyi ya faɗo, an gama kaka, rumbuna cike. Wannan kuwa ya zo dawa ko kai ba ta fitar ba, gyaɗa tana cikin ƙasa, ɗan abin da ke hannun manomi ya tafi a taki. Mu da muke auna tsabar tuwo da tsoro a gidajenmu, mu ne muka fita roƙon mutanen da ke irin halinmu.

Rogo Sabon Gari muka fara. A bayan a-kori-kura muka tafi, a cushe, mota ta kafe a taɓo muka sauka da sababbin hijabanmu muna kallon maza suna turi. Amma taro ya yi taro. Mata cike da fili, maza daga gefe ƙarƙashin bishiyoyi. Hajo ta ja baitin haihuwar Annabi, na ga tsofaffi suna share ido da bakin mayafi. Na ce a raina, yau kam an gama, kwano ya samu. Sai Malam Sanusi ya karɓi lasifika ya fara sanar da gudummawa. Wane ya ba da buhun gyaɗa, in kaka ta yi. Wane ya ba da damin dawa, in Allah ya kai mu kaka. Wance da 'ya'yanta sun ba da tiyar wake kaza, bayan roro. Kowace sanarwa sai a yi kabbara. Farantin da aka zagaya da shi ya dawo da 'yan tsofaffin takardu a lanƙwashe, waɗanda ko kuɗin motarmu da ƙyar suka biya.

Mutanen nan ba rowa suka yi ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Manomi in ya yi alkawari a gaban jama'a da sunan Annabi, zai cika ko da zai kwana da yunwa. Shi ya sa a hanyar dawowa mata suke ta waƙa da dariya. Hajo ce kaɗai ta takure a kusurwa. Da muka kusa gida ta matso kusa da kunnena.

"Safara'u, da gyaɗar da ke cikin ƙasa zan rufe ɗakin?"



A Zoza, garinsu, ta sa rai sosai, ta ce danginta ba za su ba ta kunya ba. Muna farawa hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, mai janareto ya kashe kayansa ya rufe da leda. Mutane suka fara watsewa. Hajo ta hau kan dakali ta ci gaba da ja ba lasifika, tana gasa da ruwan sama a kan kwano, jijiyar wuyanta duk ta tashi. Wasu suka ji nauyi suka dawo suka rakuɓe. A baitin ƙarshe na ji muryar ta tsage, abin da ban taɓa ji ba tunda na san ta. Danginta suka yi mata kara, suka yi alkawarin da ya fi na Rogo yawa. Duk in kaka ta yi.

Daga nan Hajo ta zama kamar wadda ake kora. Duk inda aka ce ana suna ko walima sai ta aika a ce muna nan, ko ba a gayyace mu ba. Da safe ta tafasa citta da kanumfari ta sha, da rana ta je ta ƙara yage maƙogwaron. 'Ya'yanta maza suna birni suna faman kansu, ta aika musu, suka aiko da abin da bai taka kara ya karya ba. Ta sayar da kajinta, sai jar nan kawai ta bari. Ta sayar da babban kaskon da take suyar ƙuli-ƙuli, wanda da shi ta ciyar da gida tun rasuwar Sulle. Abin da ta haɗa ya sayi simintin da Gwadabe ya ɗaure rabin gindin bangon, rabi ya rage a buɗe. Rannan kuma na dawo daga unguwa na tarar da Gwadabe a kan ɗakinta yana ɓalle kwano.

"Yaya Hajo, lafiya? Haukacewa kika yi?"

"Bangon can ya fi ni bukata," ta ce. "Matsa mini a ɗakinki."

Haka ta tare a ɗakina da tabarmarta da kazarta. Kazar da na shekara ina kora, ga ta yau da uwar ɗakinta a gindin gadona. Na yi mita har na gaji, ko kallona ba ta yi ba. In ruwa ya sauko sai ta zari fartanya ta fita, tsohuwa da ita, ta je tana janye wa ruwan lungu hanya, tana jera buhunan yashi. Ta dawo jiƙe sharkaf tana tari. Wallahi tausayinta ya kama ni, kuma haushinta ya fi tausayin yawa.

Bayan taron cikin Ƙaraye an ɗan sami kuɗi a hannu, don can akwai ma'aikata da 'yan kasuwa. Ba yawa, amma zai iya ƙarasa gindin bangon. Aka kira zama a zauren Malam Sanusi bayan la'asar. Murja ce mai riƙe mana kuɗi, yarinya ce mai hankali, malama a firamare, ba ta da mugunta ko kaɗan. Ta ce ita a ganinta kada a taɓa kuɗin. A bari kaka ta yi, a haɗa da abin da aka yi alkawari, a rushe tsohon ɗakin a gina na bulo mai taga da daɓen siminti. Mata suka ce wallahi haka ne.

"A ba Gwadabe ya ƙarasa gindin," in ji Hajo. Muryarta a dishe, sai an kasa kunne.

"Iya," Murja ta ce, "ɗakin da za a rushe nan da wata biyu? Ai asara ce. Mun ma daina zama a ciki, ko ya faɗi ba wanda zai taɓa."

"Ba za a rushe ba."

"To me za a yi da shi, Iya? Ƙasa ce fa."

"Na ce a ba shi. Ni na yi waƙar nan. Da maƙogwarona aka samo."

Hajo ba ta taɓa yi mana gori ba sai ranar nan. Wata daga baya ta ce ai mu ma mun amsa, ba ita kaɗai ta sha ruwan Zoza ba. Malam Sanusi ya ɗaga hannu. Mutum ne mai lura, ya daɗe yana kallonta.

"Hajo, tsakaninki da Allah, ko akwai wani dalili da ba mu sani ba? In akwai ki faɗa. Ba wanda zai ƙi ki a nan."

Ina zaune kusa da ita, ina jin numfashinta. Na ga leɓenta ya motsa. Na dinga zungurinta da gwiwa, a raina ina cewa faɗi, baiwar Allah, faɗi mana, kalma ɗaya ce. Da ta faɗa, na rantse kafin magariba da an auna siminti, da mazan unguwa sun fito da kansu. Ta dubi matan nan, sa'o'in 'ya'yanta da sa'o'in jikokinta, ta dubi Malam, sannan ta sunkuyar da kai.

"Babu, Malam. Sabo ne kawai."

Aka yi addu'a aka tashi a kan shawarar Murja.

Ko mayafi ban cire ba da muka shiga gida na hau ta. Na ce mata wannan ba kara ba ce, cutar kai ce. Na ce yarinyar nan shekararta nawa a kabari, wa zai zarge ki don kin nuna kina son ta? Na ce matan yanzu a gaban surukansu suke rungumar 'ya'yan fari suna kiran sunansu, sama ba ta faɗo ba. Na ce in ke ba za ki iya ba ni zan koma in gaya wa Malam yanzun nan. Na juya ke nan ta cafke hannuna. Ban san tsohuwar nan tana da ƙarfi haka ba.

"Na haɗa ki da Allah, Safara'u. In kika faɗa ban yafe ba."

"Don me? Don Allah don me?"

"Tana raye ban taɓa nuna mata ba. Ko sau ɗaya. Tana zazzaɓin nan tana kirana, mutane cike da ɗaki, na kasa zuwa in riƙe ta. Yanzu da ba ta nan sai in tashi a gaban jama'a in ce ina son ƙasar da ta taɓa? Abin da na hana ta, in ba bango?"

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji Hajo ta yi a kan 'yarta, kuma ko a nan ba ta kira sunan ba. Na zauna a bakin gado na yi kuka, ita kuwa ta tashi ta je ta ba kazarta tsaki.

Ranar rufe taro a filin makarantar firamare aka yi, bayan azahar. Baƙi sun zo daga Rogo da Zoza, an kafa rumfa, an jera kujeru, mun sha anko fari da kore. Tun safe gabas ta yi baƙi. Hajo ta je ta duba buhunan yashinta kafin ta sa hijabi. Ba mu yi nisa ba iska ta taso ta kwashe rumfar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jama'a suka dunguma cikin azuzuwa da baranda. Malam ya ce a ci gaba a haka, aka jawo lasifika ciki.

Muryar Hajo ta riga ta tafi. Abin da ke fita ta lasifikar kamar ana jan buhu a ƙasa. Ta ja rabin baiti, mu mu ɗauke da ƙarfi mu rufe mata. Idonta yana kan taga. Ta tagar ana hango ruwan lungu, ja wur, ya cika daga bango zuwa bango yana gudu. Muna tsakiyar amshi muka ji ƙara daga bayan makaranta, ba mai tsanani ba, rim, sai ƙarar kwano yana zamewa. Wasu suka waiwaya. Wata ta ce tsohon ɗakin ne, Allah ya sa ba kowa a ciki, aka ce alhamdu lillahi.

Hajo ba ta yanke baitin ba. Ta kai shi ƙarshe, ta jira muka amsa, don ba a barin yabon Annabi a rataye. Sannan ta miƙa wa Murja abin magana ta fita cikin ruwan, ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Na bi ta. Da mata suka ga haka su ma suka biyo, maza na biye da su.

Bangon gabas ya kwanta ciki gaba ɗaya. Rabin da Gwadabe ya ɗaure yana nan tsaye iya gwiwa, sauran ya zama tudun taɓo, kwanon ɗakin Hajo a warwatse a kai. Hajo ta hau tudun da farin hijabinta ta durƙusa ta fara tona da hannu. Ta ɗago curin ƙasa ta juya shi ta duba, ya narke a hannunta, ta yar ta ɗauki wani. Mutane suka tsaya cirko-cirko, wasu na cewa ko kuɗi ta binne a ciki. Malam Sanusi ya matso yana cewa Hajo, sauko, sauran ginin zai iya biyowa. Ba ta ji shi ba. Tona take, tana juyawa, tana yarwa. Can sai muka ji ta, da wannan disasshiyar muryar da ko baiti ta kasa ja.

"Nuriyya. Nuriyya. Nuriyya."

Yaran mata ba su san sunan ba, suka dubi juna. Tsofaffin da aka yi yaɓen nan da su kuwa sun sani. Na ga wata ta dafe ƙirji, wata ta dubi tafin hannunta ta fashe da kuka. Magana ta bi cikin jama'a a hankali har ta isa kunnen Murja. Yarinyar nan ta zube a taɓo tana cewa wayyo Iya, wayyo Iya, da na sani. Sai ga mata sun hau tudun, da anko da komai, kowa na tona, kowa na juya curi. Maza suka janye kwanon. Mun tona har hannu ya yi jini. Ƙasa ce jiƙaƙƙiya, duk iri ɗaya, ba mu sami ko yatsa ɗaya ba.

Da aka sauko da ita Malam Sanusi ya tsuguna a gabanta, gemunsa na ɗigar ruwa.

"Hajo, na tambaye ki fa. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da wane bakin, Malam?" ta ce.

Kaka ta yi kyau bara. Mutanen Rogo da Zoza da Ƙaraye ba wanda ya saɓa, a kan babur da amalanke aka dinga kawo gyaɗa da dawa har zauren Malam ya cika. Kafin azumi Gwadabe ya gama ɗakin bulo, mai taga biyu da ƙofar ƙarfe, da rufin da ko ɗigo ba ya yi. Daga abin da ya ragu aka mayar wa Hajo kwanon ɗakinta, Murja da kanta ta je kasuwa ta sayo mata kasko. Ta karɓa ta yi shiru. Ta koma suyarta, har yanzu ba ta gyara. Muryar ta ɗan dawo, ba kamar da ba, amma ana ji.

Ranar da muka fara zama a sabon ɗakin kowa na yaba kyansa, ni ma na yaba, don ƙarya ce a ce bai yi kyau ba. Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi bisimilla, aka jira Hajo. Ta tashi ta je ta tsaya a gabas, daidai inda ta saba. Ta miƙa hannu baya ta dafa bango. Na ga tafinta yana shafa simintin, sama kaɗan, ƙasa kaɗan, gefe. Sumul yake ko'ina, Gwadabe ya iya aikinsa. Muka yi ta jira, ba wadda ta iya ɗaga ido ta dube ta.

Ta sauke hannun ta goge shi a zaninta. Ta zo ta zauna a cikin sahun 'yan amshi, kusa da ni.

"Safara'u," ta ce, "tashi ki ja. Zan amsa."